Littafin aiki: faya-fayan Hot Five da Hot Seven na Louis Armstrong

9 ga Fabrairu, 2025

Na buɗe wannan littafi ne don in daina rubuta lambobi a bayan ambulan. Aikin da na sa a gaba shi ne in tattara duk abin da Louis Armstrong, mai busa ƙaho a kiɗan jaz na Amurka, ya ɗauka a faifai wa kamfanin OKeh a Shikago da ƙungiyoyinsa masu suna Hot Five da Hot Seven, daga Nuwamba 1925 zuwa Disamba 1928, in yi wa kowace ɗauka layi guda a jadawali: ranar da aka yi ta, waɗanda suka yi kiɗan, lambobinta, da kowane sabon bugu da ya zo hannuna. Ina son in gama kafin 12 ga Nuwamban bana, ranar da zaman farko zai cika shekara 100.

Abin da ke ƙasa yanzu: tsofaffin faya-fayan LP, masu ɗaukar kiɗa da yawa, na kamfanin Columbia daga jerin da George Avakian ya shirya a 1951, akwatin CD na kamfanin JSP na Ingila wanda John R. T. Davies ya kwafo daga faya-fayan garmaho, da akwatin da Columbia ta fitar a 2000. Bugun OKeh na asali kuwa ba na aljihun ma'aikacin gwamnati ba ne, ban ma sa shi a lissafi ba.

Kowane faifan garmaho lamba biyu gare shi. Akwai lambar kasuwa, wadda ke kan takardar tsakiya, da ita ake oda. Akwai kuma lambar uwar faifai, wadda aka buga a jikin faifan, a ɗan filin nan da ke tsakanin ƙarshen kiɗa da takardar. Ta farkon tana sauyawa duk lokacin da wani kamfani ya sake bugawa. Ta biyun a ɗakin ɗauka aka ba da ita, kuma harafin da ke ƙarshenta, A ko B ko C, shi ke nuna gwaji na nawa ne aka fitar. A kan ta biyun zan gina jadawalin.

23 ga Fabrairu

Zaman farko ya shiga jadawali. 12 ga Nuwamba, 1925: “My Heart” 9484-B, “Yes! I'm in the Barrel” 9485-B, “Gut Bucket Blues” 9486-A. Armstrong a kan konet, ƙaramin ƙaho irin na 'yan badujala, Kid Ory a tarambon, Johnny Dodds a kilarinet, Lil Hardin, matar Armstrong a lokacin, a fiyano, Johnny St. Cyr a banjo.

A nan babu gardama kan ko su wane ne, don a “Gut Bucket Blues” Armstrong da bakinsa yake kiran sunan kowa idan lokacinsa ya zo, Ory kuma ya kira na Armstrong. Da haka sauran suke da aiki ya yi sauƙi. Amma Hot Five ƙungiyar ɗakin ɗauka ce. Da dare Armstrong na can yana busa a ƙungiyar Erskine Tate a gidan sinima na Vendome, daga baya a ta Carroll Dickerson a Sunset Café, sauran ma kowa na wajen cin abincinsa. Littattafan kamfani kuma sun fi damuwa da sunan waƙa da lamba fiye da wanda ya riƙe tarambon. Yawancin sunayen da muke karantawa yau daga bakin makaɗan aka samo su, shekaru da yawa bayan an tashi daga zaman.

Wani abin lura: “My Heart” ita aka fara ɗauka, amma sauran biyun ne suka fita tare a OKeh 8261. Ita sai da ta jira aka haɗa ta da “Cornet Chop Suey” a 8320. Wanda ya jera faya-fayansa bisa lambar kasuwa zai ji tarihin a hargitse.

Azumi ya ƙarato. Na rufe injin da zane saboda ƙura, sai bayan salla.

13 ga Afrilu

Kafin in yi maganar gudun kowane faifai, dole in tabbata da gudun injina. Tsohon injin da nake da shi motarsa da bugun wutar lantarki take tafiya. Wutarmu bugu 50 take yi a daƙiƙa, ta Amurka 60, shi ya sa injin da aka ƙera wa can yakan yi nawa idan aka kawo shi nan. Nawa na Turai ne, ya dace da 50, amma da zarar an koma janareto sai ka ji fiyanon Lil yana hawa yana sauka duk lokacin da firji ya tashi. Takardar nan mai zane-zane da ake ɗorawa don auna gudu ita ma da ƙyaftawar ƙwan lantarki take aiki, saboda haka a kan janareto ƙarya take yi tare da injin.

Na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a kasuwa. Ya buɗe, ya duba, ya mayar da murfi.

“Alhaji, injinka lafiyarsa ƙalau. Wutarka ce ba ta da lafiya.”

“To Baba, mene ne magani?”

“Ka nemi wanda ke riƙe gudunsa da kansa, ka sa shi a batir.”

Haka aka yi. Sabon yana da juyi 33 da 45 da 78, da maɓallin ƙara gudu ko rage shi kaɗan-kaɗan, kuma a kan inbata yake.

27 ga Afrilu

Mako biyun nan “Cornet Chop Suey” ce ta cinye su. An ɗauke ta 26 ga Fabrairu, 1926, lamba 9535-A, a zaman da ya haifar da “Heebie Jeebies” da “Muskrat Ramble”. Armstrong ya riga ya yi mata rajistar mallaka tun Janairu 1924, wato ta daɗe a aljihunsa.

Ga matsalar. Muna cewa “faifan 78” kamar kowa a juyi 78 a minti ya yanka, alhali a shekarun nan injin yanka na kowane kamfani da nasa hali, wani lokaci ma daga zama zuwa zama. Idan aka juya wannan faifai a 78, kiɗan kusa da muryar E yake fitowa. Maƙwabcina, tsohon ɗan badujalar 'yan sanda, shi ya nuna mini dalilin da ya sa hakan ba zai yiwu ba. Ya ɗauko ƙahonsa daga cikin akwati, ya shafa wa maɓallan mai, ya ce mai busa irin wannan ƙaho abin da yake karantawa mataki guda yake sama da abin da ake ji. Idan ana jin E-filat, F yake bi da yatsu. Idan ana jin F, G yake bi. Duk biyun hanyar gida ce. Amma E za ta jefa shi cikin murya mai alamar ɗagawa shida, ga mai kilarinet shi ma a can. Ya gwada layin farko a haka, yatsunsa suka harɗe, ya sauke ƙahon yana dariya.

“Ranka ya daɗe, ba mai rubuta wa kansa wannan wahala.”

Saboda haka ko dai E-filat ce, rabin mataki ƙasa da E, ko F, rabin mataki sama da ita. Rabin mataki a murya daidai yake da kusan kashi 6 cikin 100 na gudu. In E-filat ce, sai a sauke faifan zuwa wajen juyi 74. In F ce, a ɗaga shi zuwa wajen 83. A kiɗan minti uku, tsakanin biyun ya haura daƙiƙa 20. Ba tsawo kaɗai ke sauyawa ba. A F, yaron ɗan shekara 24 gaggawa yake yi, ƙahon ya yi siriri, yana ƙyalli, ka ce gasa ake. A E-filat ƙahon ya yi kauri, ana jin inda yake numfashi, banjon St. Cyr ya zauna daram. Mutum biyu ne daban, kuma wanda ya girma da ɗaya yakan ji ɗayan kamar an ɓata masa waƙa.

Akwatin Columbia na 2000 bai raba gardamar ba, ya sa duka biyun. Wasu na ganin tsoro ne. Ni ina ganin ita ce gaskiyar da kamfani ya kasa faɗa a da: abin da kake ji a kowane sabon bugu, hukuncin wani injiniya ne da ya ɗora hannu a maɓalli. Kunnena E-filat ya zaɓa, maƙwabcina ma haka, amma na ƙara wa jadawalin shafi biyu: murya da tsawon daƙiƙa na kowane bugu, da sunan wanda ya kwafo idan an rubuta.

25 ga Mayu

Ɗan yayata ya dawo daga Ingila da faifan garmaho na farko a wannan aiki: Parlophone R448, “West End Blues”. Ya riƙo shi a jakar hannu tsakanin kwali biyu, yana miƙo mini ya ce, “Kawu, a kan wannan baƙin faranti aka tsare ni ana tambaya?”

Faifan shalak ne, wato ƙaron da wani ɗan ƙwaro ke fitarwa a Indiya da maƙwabtanta, aka cuɗa da garin dutse. Nauyi gare shi, ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. Sinadarin sifirit da ake goge LP da shi narkar da shi yake yi, don haka ruwa mai tsabta da ɗigon sabulu na sa, da burushi mai laushi ina bin layi, ban bari ya taɓa takardar ba. Ruwan da ya fito launin shayi ne. Allura ma daban: layin faifan garmaho ya ninka na LP faɗi wajen sau uku, allurar LP sai ta faɗa ƙasan ramin tana kwasar ƙura.

Na karkata shi a hasken taga, ga lambar OKeh a jikinsa, W400967. Harafin W alamar na'urar lantarki ce ta Western Electric, wadda OKeh ta koma kanta bayan Columbia ta saye ta a ƙarshen 1926. Zaman farko-farko kuwa cikin bakin wani babban mazurari ake busawa, ƙarfin iskar ne kaɗai ke motsa allurar yanka.

An ɗauki wannan 28 ga Yuni, 1928, ta fita a Amurka a OKeh 8597. King Oliver, maigidan Armstrong na da, shi ya tsara ta, kuma ya riga shi ɗauka a 11 ga watan. Sunan Hot Five ne a takarda amma mutum shida ne, kuma ban da Armstrong babu ko ɗaya daga na 1925: Earl Hines a fiyano, Fred Robinson, Jimmy Strong, Zutty Singleton, da mai banjo Mancy Carr. Wannan bawan Allah shekaru da dama “Mancy Cara” ake rubuta shi, littafi na kwafa daga littafi, bayan faifai na kwafa daga bayan faifai. A cikin kayana ma duka rubutun biyu suna nan.

Bayan faifan ba Armstrong ba ne, ƙungiyar Eddie Lang ce da “Freeze an' Melt”. Haka Parlophone ke yi a jerinta na kiɗan Amurka da ta fara a 1929, ta haɗa wannan da wancan. Da yawa daga mutanen Landan a haka suka fara jin Armstrong.

6 ga Yuli

Damina ta sauka, fumfuna ta fara cin kwalayen LP. Na fitar da su daga jikin bango, na sauya rigunan ciki, na jera su a tsaye. Ban yi wani abin kirki ba bayan wannan.

27 ga Yuli

Hot Seven: mako guda ne kacal, 7 zuwa 14 ga Mayu, 1927. An ƙara Pete Briggs a tuba da Baby Dodds, ƙanen Johnny, a ganga, don na'urar lantarki ta iya ɗaukarsu. Tsofaffin bayanai Kid Ory suke sawa a tarambon, tunda an saba. Amma a wannan watan Ory na New York tare da King Oliver suna wasa a gidan rawa na Savoy Ballroom. Yanzu John Thomas ake rubutawa. Kunne ma ya yarda: gurnanin nan na Ory da yake jan murya daga ƙasa babu shi a “Potato Head Blues”. Ga darasin aikin: abin da ya warware wannan ba sauraro kaɗai ba ne, sanin inda mutum ya kwana a wannan mako ne.

Wasu daga ɗaukar wannan mako OKeh ba ta fitar da su ba sam. A 1940 Avakian, yana ɗalibi a jami'ar Yale, Columbia ta ba shi aikin binciken ma'ajiyarta a masana'antar Bridgeport, ya tono uwayen ƙarfe, waɗanda daga su ake buga faifai, na “Twelfth Street Rag” da “S.O.L. Blues” da “Chicago Breakdown”, da kuma “Ory's Creole Trombone” da “The Last Time” na Satumba 1927. Saboda haka waɗannan ba su da lambar kasuwa ta OKeh, bugunsu na asali na Columbia ne mai jar takarda, shekara 13 ko 14 bayan ɗauka. “S.O.L. Blues” ta 13 ga Mayu da “Gully Low Blues” ta washegari kusan kiɗa ɗaya ne da baituka daban. Sa su a jere shi ne mafi kusa da za ka ji yadda Armstrong ke sake gina busa guda bayan kwana ɗaya, don a wannan jeri ba a cika samun gwaji na biyu da ya tsira ba.

24 ga Agusta

Na jera “Potato Head Blues” daga duk bugun da nake da shi, na saurari wurin nan na ƙarshe inda ƙungiya ke tsayawa tana bugu ɗaya-ɗaya Armstrong na ratsawa.

Mafi muni shi ne wani LP na shekarun 1960 da aka yi wa sitiriyon ƙarya: an tura ƙasan sauti kunne ɗaya, saman sauti ɗaya kunnen, aka zuba amsa-kuwwa. Tuba a hagu, ƙaho a dama, kamar a rijiya. Na biye masa shi ne CD ɗin ƙarshen shekarun 1980, lokacin da kwamfutar share ƙara ta fito kowa na ɗoki. An share ƙarar, an haɗa da kuge na Baby Dodds da kaifin bakin ƙahon. Na Davies ya bar shuu ɗin faifan, amma bayan daƙiƙa kaɗan kunne ya manta da ita, ɗakin ya buɗe. Na 2000 ya fi haske, ya fi ƙara kuma. Idan baƙo ya zo, na Davies nake sa masa.

Abin mamaki, Davies ba shi da uwayen ƙarfe na kamfani, faya-fayan masu tarawa ya yi aiki da su. Dokar Turai ce ta ba shi dama: a lokacin, haƙƙin mallakar sautin da aka ɗauka shekara 50 ne, shi ya sa JSP a Ingila da Classics a Faransa suka iya fitar da waɗannan ba tare da izinin Columbia ba. Sai a 2013 aka mayar da shi 70.

21 ga Satumba

Rigimar iyaka. Me ya shiga Hot Five, me bai shiga ba? A 28 ga Mayu, 1926 mutum biyar ɗin nan dai suka je kamfanin Vocalion suka ɗauki “Georgia Bo Bo” da “Drop That Sack” da sunan Lil's Hot Shots, don Armstrong na da yarjejeniya da OKeh. A Afrilu 1927 ya busa “Wild Man Blues” a ƙarƙashin sunan Johnny Dodds, mako biyu kafin tasa ta Hot Seven. “Chicago Breakdown” ta faɗo tsakiyar makon Hot Seven amma babbar ƙungiya ce. Na Disamba 1928 kuma wasu Savoy Ballroom Five aka rubuta, wasu Orchestra, ga “Weather Bird” ta 5 ga wata wadda shi da Hines ne kawai, kuma ta zauna a ma'ajiya har 1930.

Tun Charles Delaunay da ya fitar da littafinsa a Faris a 1936, har Brian Rust da manyan kundayensa na jaz zuwa 1942, sunan da ke kan takarda ake bi, don shi ne abin da ido ya gani. Ga mai neman faifai hakan daidai ne. Ni mai saurare ne, na sa su duka a jere bisa rana, na yi wa waɗanda ba na OKeh ba launi daban.

19 ga Oktoba

Na kauce hanya. Ina neman wani abu a intanet na ci karo da hoton Armstrong tare da Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna a 1960, lokacin rangadinsa na Afirka. Ya riga ya zo Accra a 1956. A wannan rangadi na biyu ne mawaƙiyarsa Velma Middleton ta rasu a Saliyo, Fabrairu 1961. Na buga hoton na manna a cikin murfin littafin nan.

A saman jadawali na rubuta haihuwarsa 4 ga Agusta, 1901, bisa rajistar coci ta New Orleans da aka gano bayan rasuwarsa. Duk tsofaffin LP ɗina 4 ga Yuli, 1900 suka ce, yadda shi ma ya yi ta faɗa har ya bar duniya a 1971.

12 ga Nuwamba

Shekara 100. Rana da mutane da lambobi sun cika a kowane layi. Shafin murya da tsawo ne bai kai rabi ba, don kowace ɗauka sai na auna ta a kowane bugu da agogo da na'urar gwada murya. Na sa uku na farko a jere bayan isha'i, maƙwabcina ya shigo, ya ce in maimaita masa “Gut Bucket Blues”.

11 ga Janairu, 2026

Bisa dokar Amurka ta 2018, sautin da aka fitar daga 1923 zuwa 1946 yana zama na kowa bayan shekara 100, a ranar 1 ga Janairun da ke biye. Na King Oliver na 1923, inda aka fara jin Armstrong a faifai, sun kuɓuta tun 2024. Dokar ranar fitarwa take bi, ba ranar ɗauka ba, saboda haka jadawalin na buƙatar sabon shafi: wata da shekarar da kowane faifai ya shiga kasuwa. Zai yi amfani, don nan gaba kaɗan intanet za ta cika da kwafi marasa sunan wanda ya kwafo, kowanne da gudunsa.

Aunawa ta kai zaman Yuni 1926. Ɗan yayata ya ga kundin Columbia C-28 na 1940, mai faifai huɗu, a wani shagon tsofaffin kaya. Na ce ya duba kowane faifai a haske ko akwai tsaga, ya turo mini hoton lambobin jikinsu kafin ya biya.